Gwangwanin Farin Giris

Duk Sallah idan kuka taru a tsakar gidan nan, ba a watsewa sai wani a cikinku ya tono zancen gwangwanin giris. Hadiza ce mai fara shi. Sai ta ce kada wanda ya ba Yaya ajiyar ko da cokali, mutumin da ya ɓatar da giris ɗin Abba. Ku yi ta dariya, shi ma ya yi murmushi ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni kuwa sai in miƙe in ce zan duba miya. Ba miya nake dubawa ba. Yanzu shekaru sun ja, ban san ko zan ga wata Sallar ba, shi ya sa na ɗauki biro don in faɗa muku abin da ya faru a waccan daminar kamar yadda ya faru. Allah Ya ba ni ikon faɗar gaskiya ko da a kaina ne.

Kun tashi kun ga Koriya, tsohuwar motar Abbanku, a garejin ƙofar gida, amma ƙananan cikinku ba su san yadda ta zo ba. Abbanku yana saurayi, yana koyar da kanikanci a makarantar koyon sana'a, ya saye ta a hannun wani Bature abokin aikinsa da zai koma ƙasarsu. Kujera biyu gare ta, da rufin tamfol, ga ta a ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi titi, shi ya sa yaran unguwarmu Dukawuya suke ce mata Kwaɗon Malam. Ba wanda ya taɓa sa mata sifana sai shi. Injinta kuwa gurnani gare shi, har tsohon limamin masallacinmu ya taɓa aiko masa cewa tana katse masa karatun zaure. Tun daga ranar Abbanku ya ɗauki wata al'ada: idan ya kawo bakin lungu sai ya kashe injin, ya bar ta ta gangaro da kanta har ƙofar gareji, don kun san lungunmu gangara ne. Liman ya rasu, aka naɗa wani, shi ma ya rasu, Abbanku bai fasa ba. Ku riƙe wannan da kyau.

Bayan ya yi ritaya ne robobin ƙafafunta suka ruɓe, waɗanda makanikai suke ce wa bushin. Ni ma ban san su ba sai da ya nuna mini. Wasu 'yan gajerun robobi ne masu rami a tsakiya, kamar kwarkwaron zaren ɗinki, ana cusa su a gaɓoɓin ƙarafan da suke riƙe da taya don kada ƙarfe ya goga ƙarfe. Irin nata na asali an daina yin su. Yayanku ne ya nemo masa wasu na zamani a intanet, jajaye masu tauri, suna sheƙi kamar alawa, wai sunansu foliyuritan. An haɗo su da ɗan mansu a wata 'yar leda, amma ta fashe a hanya, sai Abbanku ya shafa musu giris ɗin da ya saba ya ɗaura. Ba a yi sati biyu ba motar ta fara kuka. Ƙiiƙ, ƙiiƙ, kamar tsohon gadon ƙarfe. Duk rami, duk tudu, duk bakin kwalbati, sai ta yi magana.

Abin ya dame shi ƙwarai. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa 'ya'yan mutane gyaran mota, ga tasa tana yi masa tsegumi a titi. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar ina ajinsa: tsohuwar roba murɗewa take yi, wannan kuwa juyawa take a jikin wani ɗan bututun ƙarfe, idan mai ya bushe a tsakaninsu dole ta yi kuka. Maganinta wani farin giris ne mai danƙo wanda ruwa ba ya wanke shi. Ya zaga inda ya sani bai samu ba, Yayanku ya ce zai sa wani abokinsa ya taho da shi daga waje.

A wannan jiran ne kukan motar ya faɗa mini abin da ban so ji ba. Duk Asabar bayan la'asar mukan je Ɗan Agundi gaida yayarsa, Gwaggonku Asabe. Na fi shekara talatin ina zaune a kujerar nan, na san yadda yake tuƙi. Ramukan hanyar nan ya san su kamar ɗakinsa, yana kauce musu ko magana yake yi. Da motar ta fara kuka sai na soma lura: ramin da yake gabansa sosai yana kauce masa, amma wanda ya ɗan yi gefen hagu, sai mu faɗa ciki, ƙiiƙ, ya yi tsaki ya zagi bushin. Da na dawo gida sai wasu abubuwa suka riƙa dawo mini. Butar da ya yi ta tuntuɓe da ita yana cewa an canza mata wuri. Kofin shayin da zan ajiye masa a gefe ya huce, ya ce ban kawo ba. Amma kuma ga shi yana karanta ƙaramin Alƙur'aninsa mai siririn rubutu ba tare da tabarau ba. Sai in ce wa kaina, Rabi, ki daina ƙirƙiro wa mijinki ciwo.

Ku ba ku riski Kakanku ba. Ya makance a ƙarshen rayuwarsa, Abbanku ne yake riƙe hannunsa zuwa masallaci sau biyar a yini har ya rasu. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma tun da na shigo gidan nan na gane kalmar makanta ba a faɗarta a gabansa. Sau ɗaya na gwada, na ce ko za mu je a duba idanunmu mu duka biyun, tunda girma ya kama mu. Ya buɗe Alƙur'anin nan ya karanta mini aya biyu daga nesa, ya rufe. Maganar ta mutu a nan.

Wata Laraba da yamma ina tsaye a zaure ina jiran mai kayan miya, na ji ya kashe inji a bakin lungu. Yara suna wasa a hanya. Nana, jikar maƙwabcinmu Malam Bukar, lokacin ko yaye ta ba a yi ba, tana zaune daɓas a bakin kwalbatin gefen hagu tana tsintar duwatsu. Motar ta taho ba inji, sai ƙiiƙ, ƙiiƙ. Yaran suka ji, suka ce ga Kwaɗon Malam nan, suka watse. Yayar Nana ta juyo da gudu ta fizge ta da hannu ɗaya. Tayar ta bi ta kan duwatsun da yarinyar ta tara. Bai taka birki ba, bai ko waiwaya ba. Ya fito yana goge hannu, ya ce mini:

"Kin ji ta ko? Kwalbatin nan kaɗai sau uku ta yi kuka. Giris ɗin nan ya zo in huta."

 Na jingina da bango na ce masa sannu da zuwa.

Kashegari da hantsi Yayanku ya zo, Abbanku ya tafi jana'iza. Ya tsaya daga tsakar gida ya gaishe ni, ya ce ya ajiye wa Abba saƙonsa a kan kantar gareji, ya tafi wurin aiki. Na daɗe zaune. Daga baya na tashi na shiga garejin. Wani ɗan gwangwani ne fari, bai fi na tumatir girma ba. Na riƙe shi a hannu ina tunanin abu ɗaya: ranar da wannan ya shiga ƙafafun motar, za ta riƙa gangarowa lungunmu ba inji ba kuka, kuma mai tuƙa ta ba ya ganin hagunsa. Ban yi shawara da kowa ba, ko istihara ban yi ba. Na sa shi a cikin mayafina, na shiga ɗaki, na buɗe babbar kwallar jerena wadda Inna ta saya mini, na tura shi ƙarƙashin tsofaffin zannuwa, na rufe.

Abbanku ya dawo ya ji an kawo saƙonsa, ya birkice garejin nan kaf bai gan shi ba. Ya kira Yayanku a waya, ya zo bayan la'asar, su biyu suka sake birkita shi. Daga nan yaron ya zo ƙofar ɗakina ya tsuguna.

"Umma, ba ki ga wani ya shiga gareji bayan na tafi ba?"

"Ban ga kowa ya shiga ba," na ce.

Na zaɓi kalmomin ne don kada a ce na yi ƙarya. Amma Allah ba kalmomi kaɗai Yake dubawa ba, kuma na san haka tun ina faɗa.

Abin da Abbanku ya faɗa masa a ranar, wasunku suna nan sun ji. Ya ce bai kawo ba ne, ko ya bar shi a wani wuri yana sauri, ya zo yana kame-kame. Yayanku ya rantse. Rantsuwar ta ƙara tunzura Abbanku.

"Mutumin da ba zai iya riƙe amanar gwangwani ba," in ji shi, "wane gida za a bar masa?"

Magidanci mai 'ya'ya uku aka faɗa wa haka a gaban ƙannensa. Ina ɗaki ina ji. Ba wanda ya yi mamakin shiruna, domin ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ban taɓa shiga tsakaninsa da ubansa ba. Haka aka rene mu. Sai kunyar nan ta zama mini maɓoya. Ranar Asabar da Abbanku ya ba Gwaggo Asabe labari, har yaba mini ta yi, ta ce Rabi akwai kara, ana yi wa ɗan fari faɗa ko kai ba ta ɗagawa. Na yi murmushi. 

Sati shida gwangwanin nan ya yi a kwalla. Abbanku bai zauna ba. Ya ɗura wa bushin ɗin baƙin mai, ya fesa musu ruwan sabulu, wata rana har ya ce in ba shi man kaɗanyata. Na ɗebo na ba shi da hannuna. Kowanne idan ya sa, motar takan yi shiru kwana biyu ko uku, waɗannan kwanakin kuwa su ne mafiya tsawo a rayuwata. Da ya fita sai in kasa zama. In ɗora tukunya in manta gishiri. Lokacin dawowarsa yana yi sai in tsaya a zaure da carbi, ina leƙe, ina kora yara da hujjar suna damuna da surutu, ni da duk lungu suka san aljihuna ba ya rabuwa da alawarsu. Matar Malam Bukar har ta tambaye ni ko jikokinta sun yi mini laifi. Sai a yi ruwa, motar ta bi ta cikin taɓo, man ya wanke, in jiyo ƙiiƙ daga bakin lungu. In ce alhamdu lillahi. Sai kuma in tuna abin da nake yi wa godiya, in koma istigfari.

Kuma na san kukan nan lungunmu kaɗai yake karewa. A babban titin Kabuga, cikin masu babur da 'yan adaidaita, wa zai ji shi? Duk fitar da ya yi, sai in bi shi da Ayatul Kursiyyu, wayata tana hannu, ina tsoron ta yi ƙara.

Yayanku ya daina zuwa cin abincin Juma'a. Sai ya turo matarsa Maryam da yara, a ce aiki ya riƙe shi. A Juma'a ta shida Maryam ta biyo ni kicin tana taya ni kwashe tuwo, ta ce cikin ladabi, mijinta ya sake yin odar wani gwangwanin, ranar Litinin zai iso. Ta ce har yanzu yakan fita ya duba but ɗin motarsa, wai ko dai da gaske bai kawo ba, ya fara shakkar kansa. Na juya mata baya kamar ina neman marar tuwo. Ɗana yana shakkar hankalinsa saboda ni. Ga kuma wani gwangwanin yana tafe, wanda a wannan karon hannu da hannu za a miƙa shi.

Ranar Lahadi da hantsi, bayan na yi walaha, na buɗe kwallar. Abbanku yana zaune a tabarma a inuwar tsakar gida yana karatu. Na zagayo ta bayansa na ajiye gwangwanin a gefensa na hagu, kusa da gwiwarsa, inda ko yaro zai gani. Na dawo gabansa na zauna. Ya kai aya ya rufe, muka taɓa hira, ya tambaye ni ko an kawo gawayi, ya yi zancen ruwan jiya.  Ina ta addu'a a raina ya gan shi, ya yi mini faɗa, in zama ni ce mai kuskure. Bai gan shi ba.

"Malam," na ce, "juya hagunka."

Sai da ya juya kansa gaba ɗaya. Ya daɗe yana kallon gwangwanin bai taɓa shi ba.

"Tun yaushe yake nan?"

"Tun kafin in zauna."

 Sannan ya ce, "Tun yaushe yake hannunki?"

"Tun ranar da aka kawo shi."

Na faɗa masa komai. Ramukan hanyar Ɗan Agundi, buta, kofin shayi. Na ce ranar da ya shigo yana faɗan kwalbati, Nana tana zaune a bakinsa, kukan motar ne ya sa yayarta ta fizge ta. Na tambaye shi ko ya gan ta.

"Ban gan ta ba," ya ce, a hankali. Ya sa tafin hannu ya rufe idonsa na dama, ya buɗe, ya rufe na hagu. Na ga ashe ba yau ya fara wannan gwajin ba. Can ya ce, "Rabi, da kin ɓoye makulli ne da na gane. Amma kika zauna kina ji na ci mutuncin yaron nan."



Kwana biyu yana cin abincina ba ya yi mini magana, motar kuma ba ta fita ba. Ranar Litinin Maryam ta kawo gwangwani na biyu. Ranar Talata ya ce in sa mayafi in raka shi. A adaidaita muka je asibitin ido. Likitar ta ce hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe-gefe a ɓoye. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma da maganin ɗigawa za a riƙe saura in Allah Ya so. Da ta zo maganar tuƙi, shi ya tare ta ya ce ya sani.

Ranar Laraba da safe ya leƙo ɗakina.

"Ɗaura tsohon zani ki zo gareji. Ba zan miƙa wa mutum mota tana kuka ba."

Kwana biyu muka yi muna aikin nan, ni da ban taɓa riƙe sifana ba. Ya ɗaga ta da jak, ya tokare ta da ƙarafan tokara, ya girgiza ta ya tabbatar ta zauna kafin ya shiga ƙasa. Yana kwance noti yana miƙo mini, ina jera su a faranti yadda suka fito. Kowane bushin da ya zaro, in wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, in fitar da baƙin man nan da man kaɗanyata da duk ƙasar da suka kwaso, in shanya a faifai. 'Yan bututan ƙarfen sun yi tsatsa, ya goge su da sanfefa yana shafawa da yatsa har suka yi sumul. Shafa giris ɗin kuwa ni ya bar wa, ya ce yatsuna sun fi siranta. Akwai wasu 'yan layuka a cikin ramin kowane bushin, ya ce in cika su taf, in shafe bututun, in shafe gefe da gefe inda yake haɗuwa da ƙarfe, kada in yi rowa. Abin yana da danƙo kamar narkakken ƙaro, sai da na yi kwana uku yana maƙale a farcena. Ba mu yi wata hira ba sai miƙo wannan, riƙe wancan. Amma da ya lalubi sifana a hagunsa bai samu ba, na tura masa ita cikin hannu, ya karɓa, na san mun shirya.

Da ya sauke ta ƙasa ya ƙarasa ɗaure notunan, sai ya dafa gabanta da hannu biyu ya danna, ya saki. Ta yi sama ta yi ƙasa. Shiru. Ya zagaya kusurwa huɗu yana dannawa, yana kallona, ni ma ina kasa kunne. Ko ƙis. Ya buɗe ƙofa ya zauna, ya ɗora hannuwansa a sitiyari. Na tsaya riƙe da faranti. Makullin yana jiki. Ya daɗe a haka, sannan ya zare shi ya fito.

Gwangwani na biyu muka yi aikin da shi. Na farkon ya miƙo mini ya ce in mayar da shi inda na ɗauko. Na ce ya bar ni in faɗa wa yaron gaskiya. Ya ce a'a, ba zai sa ɗa ya kalli uwarsa da wannan ba, shi zai san yadda zai ba shi haƙuri. Na yarda. Na yarda da sauri, fiye da yadda ya kamata, domin abin da raina yake so ke nan.

Ranar Juma'a ya aika a kira Yayanku. Bayan an ci abinci, a gabanku duka, ya sa masa makullin a hannu.

"Ka kashe ta a bakin lungu," ya ce. "Ka kuma riƙa duba hagunka."

Wannan ne haƙurin da ya bayar. Kuka ɗauka Abba ya gaji da tuƙi ne don kansa, ya kuma yafe wa Yaya sakacinsa. Daga ranar Yayanku ne yake zuwa duk Asabar ya kai shi Ɗan Agundi. Kujera biyu ce da Koriya. Ban sake shigarta ba. Nakan tsaya a zaure in ga ta gangaro shiru kamar inuwa, uba da ɗa a ciki suna gardamar inji, in ce wannan ma rahama ce. Nana kuwa ga ta nan ta girma, ita take karanta mini saƙon waya idan idona ya gaji.

Abbanku ya tafi da sauran ganinsa, bai taɓa buƙatar a riƙe masa hannu zuwa masallaci ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Ya rufa mini asiri har ya koma ga Mahaliccinsa, amma da mutuncin wani aka yi rufin, kuma ba a tambayi mai shi ba. Idan kun gama karanta wannan, Hadiza ta shiga ɗakina ta buɗe babbar kwalla, ta ɗaga zannuwan. Yana nan, ko murfinsa ba a taɓa ɓallewa ba. Ta kai masa da hannunta.

Ban taɓa kiran sunanka ba tun ranar da aka raɗa maka shi, ban kuma taɓa rubuta shi ba sai yau. Abdulƙadir, ka kawo saƙon Abbanka, ka ajiye shi daidai inda ka ce. Ka yafe wa Ummanka.